Takardar da na ɓoye shekara biyu

Da sunan Allah Mai rahama. Ni ne Inusa ɗan Gambo, haifaffen Tirmini, mazaunin Birni a Damagaram. Ƙafafuna sun ƙi ni, likita ya daina yi mini alkawari, amma hankalina garau yake, don ko jiya ni na tuna wa uwarku inda ta ajiye tabaraunta. Suma'ila, Balki da Falmata, ku karanta wannan tare. Cikin farin ciki nake rubuta shi, kada wanda ya jiƙa mini takarda da hawaye.

Na ɗaya. Gida da gonar Tirmini, a raba su yadda shari'a ta ce, a ba uwarku Delu haƙƙinta kafin kowa. Littattafaina na aikin sadarwa na Falmata ne idan 'yan'uwanta sun yarda, kuma na san za su yarda, don ita kaɗai ke buɗe su.

Na biyu, wanda shi ne dalilin wannan rubutu. Kun san dabarar da na ƙirƙira, wadda ke sa saƙo ya jira a cikin salula har rezo, wato sabis ɗin waya, ya leƙo, sannan ya tafi gutsure-gutsure. Da ita ƙauyuka daga Gidimuni zuwa Takaya ke aiko da labarin rumbun da ya ƙare da rijiyar da ta ƙafe a waɗannan shekaru na fari. Abin da ba ku sani sosai ba shi ne abin kunyar da na yi a kanta.

Na kai dabarar gaban kwamitin da ke tsara ƙa'idojin intanet, don kowace na'ura ta iya aiki da ita. Dokarsu a fili take: wanda ya nemi takardar mallaka a kan abin da ya kawo, ya faɗa tun da wuri, don mutane su san abin da suke amincewa da shi. Ni kuwa na nema, na yi gum. Ba kwaɗayi ba ne, Allah shaida. Kakarku ce ta rene ni a kan cewa ba a faɗin abu sai ya tabbata, saboda bakin mutane. Matar da ta ɓoye cikina har wata bakwai, me za ta koya mini? Sai na ce bari takardar ta fito tukuna. Shekara biyu injiniyoyin ƙasashe suna gini a kan abina, ni ina tsoron baki.

Ana gab da kammalawa Malam Gana, abokin aikina a biro, wato ofishinmu, ya ga sunana a rajistar masu neman takardar mallaka, ya rubuta wa kwamitin. Wasu suka ce a zubar da aikin baki ɗaya, kuma ban ga laifinsu ba. Na rubuta na amsa kuskurena, na faɗi ranar da na nema, na yi alkawarin kowa ya yi amfani da dabarar kyauta har abada. Suka sake buɗe shawara tun daga farko, mako huɗu ina zufa, sannan suka karɓa. Ban taɓa jin sauƙi a ƙirjina irin na wannan rana ba.

To, wannan takardar mallaka, da ta fito daga baya, na sa ta cikin sulusin da Allah ya halatta mini in yi wasiyya da shi. Sadaka ce ga duk mai amfani da ita. Akwai wani kamfani da ya aiko sau biyu yana so ya saya, kuma zai dawo bayan an binne ni, da murmushi. Idan ta shiga hannun wanda zai ja da alkawarina, mai ƙera na'ura zai guje ta, ƙauyen da hatsinsa ya ƙare kuma ya rasa hanyar faɗa. Ku ba manzonsu ruwa ya sha, ku raka shi ƙofa.

Na uku. Suma'ila, shekara uku ke nan ba ka gaishe da Malam Gana, wai ya tona wa ubanka asiri. Ya isa haka. Mutumin nan ya fitar da ni tun abin bai lalace ba. Ka je gidansa ranar Juma'a da goro, kuma shi nake so ya tsaya a sahun gaba a jana'izata. Balki, ke ce mai bakin da yayanki ke ji, ki tasa shi gaba.

Na huɗu. Falmata, autata, kin ɗauko kaina, har da wautata. Na san kin inganta dabarar, na san kin nemi taki takardar wata biyar da suka wuce, na kuma san ba ki faɗa wa kwamitin ba, alhali wata mai zuwa za su yanke shawara a kan gyaranki. Uwarki ce ta faɗa mini, kada ki yi fushi da ita. Na yi dariya har tari ya kama ni, don na ga kakarki ta dawo. Amma wannan ba cikin fari ba ne da mace za ta ɓoye, 'yata, abu ne da dubban mutane za su dogara da shi. Ki rubuta musu, ki faɗi rana da lamba, ki faɗi sharaɗinki a fili. Ina fata ya zama irin nawa. Kada ki jira sadakar uku. Ki aika tun ina numfashi, ki zo ki zauna a bakin gadona ki karanta mini, ina so in ji da kunnena.

Na yafe muku duka, ku ma ku yafe mini. Ku ci abinci a kwano ɗaya duk Sallah, ku riƙe uwarku, kada ɗayanku ya ɓoye wa ɗan'uwansa abin da ya shafe shi. Allah ya yi muku albarka, ya saukar da ruwa a Damagaram, ya sa ku ga rumbunan Tirmini a cike.