Bindigar Iska da Hannun Agatha

Kwantagora, farkon damina

Zuwa ga abokina Silas,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Maman Agatha da yara. Yaya shuka? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Direban motar Salka ya kawo mini takardarka, na kuma yi dariya inda ka ce iska dai hurawa take yi, ba ka taɓa jin ta tsotsi wani abu ba. Kowa da wannan ruɗanin yake shigowa ajina, kuma ni ma da shi na fara tun muna makarantar koyon sana'a tare. Abin da ke faruwa shi ne, idan aka matse iska ta bi ta ƙuntataccen wuya da gudu, duk wata 'yar ƙofa da ke gefen wuyan sai ta riƙa zuƙar abin da ke kusa da ita. A kan wannan aka ƙera bindigar cire dalma da na sayo. Bakinta yana narkar da dalmar da ke riƙe da kayan cikin rediyo a kan allonsu, ka taka feda da ƙafa, iska ta wuce, dalmar ta shige ciki.

Ka san dalilin da ya sa na neme ta. 'Yarka Agatha ta fi kowa a ajin gane inda cuta take a allo, amma cirewa ke ba ta wahala. Da tsohuwar hanya sai ka riƙe ƙarfe mai zafi a hannu ɗaya, matsotsa a ɗayan, ka danna ta a daidai lokacin da dalma ta narke. Hannunta na hagu, tun da injin niƙa ya taɓa shi tana ƙarama, ba ya iya dannawa. Wannan bindiga hannu ɗaya take so, da ƙafa ɗaya.

Iskar kuwa a maƙwabta na samo. Shamsuddeen mai faci, wanda rumfarsa ke jingine da bangonmu, ya yarda na jona tiyo a tankin injinsa na hura taya. Ya ce in dai ba za mu tsotse masa kwastomomi ba, mu ja yadda muke so.

Na ga abin da ka rubuta, cewa idan damina ta wuce ba ta iya ba, ta dawo ta taya mamanta sayar da hatsi. Ban ga laifinku ba, amma ina roƙon ka bar mini ita zuwa lokacin. Amfilifayar cocinku, na'urar ƙara sautin nan da ta mutu, ka aiko mana da ita. Agatha ce za ta gyara.

Ka gaishe da Maman Agatha.

Naka,
Kamaluddeen


Kwantagora, tsakiyar damina

Abokina Silas,

Ina gaisuwa, da fatan ruwan nan bai yi muku ɓarna a gona ba, kuma ciwon bayan da ka ambata ya yi sauƙi.

Gara ka ji daga gare ni kafin Agatha ta kira mamanta. Amfilifaya ta iso, kuma yarinyar ba ta daɗe ba ta nuna mini abin da ya ƙone a ciki. Da ta zo cire shi, sai bindigar ta riƙa tari, ta ja kaɗan ta saki. Dalma ta ƙi fita, ita kuma ta ci gaba da danna zafi a wuri ɗaya, har siririn layin tagulla da ke kan allon ya ɗago. Ta ajiye bindigar a hankali, ta ɓoye hannun hagun a cikin zanenta, ta ce mini, "Malam, ba kayan aiki ba ne, ni ce." Da yamma matata Ruka, wadda Agatha take kwana a wurinta, ta same ta tana ninke kayanta.

Washegari na zaunar da ita, na ɗauki bindigar na gwada a wani mataccen allo a gabanta. Ni ma da hannuna biyu lafiyayyu ta ƙi yi. Muna cikin haka ta nuna mini hannun rigata, duk ya jiƙe da wasu ɗige-ɗige ja-ja da ke fita ta bayan bindigar. Nan na gane. Iskar damina cike take da laima, idan inji ya matse ta sai ruwa ya kwanta a gindin tanki. Mu kuma mun shimfiɗa tiyonmu a ƙasa, ta ƙarƙashin ƙofa, don kada a yi tuntuɓe, ashe hanya muka yi wa ruwan har kan teburinmu.

Na tambayi Shamsuddeen yaushe rabonsa da buɗe famfon gindin tankin. Ya sosa ƙeya ya ce ai shi taya ba ta taɓa kawo masa ƙarar ruwa ba. Da muka buɗe, abin da ya zubo ya kusa cika bokiti, ja kamar shayin da ya kwana. Masu acaɓa da ke jiran faci suka yi ta tsokanarsa, wai ashe rijiya yake hura musu a taya.

Yanzu mun ɗaga tiyon ya bi ta saman bango, mun sa masa ɗan kofin tare ruwa kafin ya sauko. Agatha ta kwance kayanta. Layin da ya ɗago yana gyaruwa, kuma na ce ita za ta gyara shi.

Ku sa mu a addu'a.

Naka,
Kamaluddeen


Kwantagora, gab da kaka

Silas, Baban Agatha,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyali duka. Na ji an ce dawarku ta yi kyau bana, Allah ya sa a girbe lafiya.

Amfilifayarku tana magana. Agatha ta cire abin da ya ƙone tsaf, ramukan suka fito fes har ana hango haske ta cikinsu, ta ɗinke layin da siririyar waya. Da muka jona lasifika, Shamsuddeen ne ya fara karɓar makirfo, ya yi shelar faci har bakin titi. Ita kuwa sai na ga ta ɗora hannun hagun a kan allon tana riƙe da shi, a fili, gaban kowa.

Kullum da safe yanzu, kafin ta share shago, sai ta zagaya ta buɗe famfon tankin nan da kanta. Shamsuddeen yana kiranta shugabar hukumar ruwa. Sababbin ɗalibai biyu da suka zo daga Kasuwan Garba, ita na sa ta koya musu taka feda, kuma ta fi ni haƙuri.

Damina ta wuce, alkawari ya cika, hukunci naka ne da Maman Agatha. Ni dai ban aiko da amfilifayar ta hannun direba ba, da gangan. Ka zo ka ɗauka da kanka kafin bikin godiyarku na kaka. Ka taho da tsohon rediyon nan naka da ya shekara a kan kabad ba ya magana. Agatha ta ce za ta ba ka kujerarta, ta riƙe maka allon, kai kuma ka taka fedar ka ga ko iska tana tsotsa. Ta ce in gaya maka ka cire takalmin gona tukuna.

Ruka tana gaishe ku.

Abokinka,
Kamaluddeen