Inna, Baba Ya Yi Sallama a Cikin Gem

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga mahaifiyata, Inna. Bayan gaisuwa irin ta 'ya da uwa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a inda kike. Mu nan Soron Ɗinki lafiya lau muke, sai kewarki da ta ƙi raguwa. Na san takarda ba ta isa inda kike, addu'a ce take isa. Amma wata bakwai ke nan ina tara labari ba wanda zan juye wa, kuma na wannan makon ya fi ƙarfin in riƙe shi. A shafina na intanet zan sa shi. Masu karantawa su yi haƙuri, da Innata nake magana.

Inna, na buga gem. Ni ɗin nan, malamar makaranta mai shekara arba'in da shida, wadda take kulle wayoyin 'ya'yanta a durowa tana musu wa'azi a kan shiririta. Na san da kina nan da kin ja gefen mayafi kin rufe baki, kin yi dariyar nan taki wadda da kafaɗa kawai ake gane ta.

Amma bari in fara da Baba, don shi ne dalilin komai. Tun bayan sadakar uku bai sake taka tsakar gida ba. Ya sa aka fito masa da katifa da buta da akwatin littattafansa zuwa soro, nan yake wuni nan yake kwana. Ya daina zuwa kasuwar Kurmi, rumfar fatun ya bar ta a hannun abokan sana'a. In an kai masa abinci, loma uku ya ture kwanon. Rigunansa duk sun yi masa yawa. Kullum in na taso daga makaranta sai na biyo kafin in wuce gidana a Ƙofar Nassarawa, in yi ta jan sa da hira, amsarsa ba ta wuce "to" da "Allah Ya yi albarka". Mun kawo likita, ya ce ba ciwon komai, rashin ci ne, kuma in aka ci gaba a haka sai an kwantar da shi. Ba zan ɓoye miki ba, na tsorata. Gani nake so yake ya biyo ki.

Da Babbar Sallah autanki Nasiru ya zo daga Kaduna da iyalinsa, ya taho da wani ɗan akwatin gem da ake jona wa talabijin. Da za su koma matarsa ta ce wallahi a nan za a bar shi, yara sun daina taɓa littafi. Takwararki Ummi, 'yata, tana hutun jami'a, ta dawo gidan da zama don ta kula da Baba. Ita ta gaji akwatin.

Ita ce kuma ta ɓata ni, amma ta waya ta fara biyo min. Ta sa min wani gem na gona. Ki shafa yatsa ki shuka masara, kafin ki gyara ɗaurin ɗankwali ta nuna. Ga kaji, ga shanu, ga wata saniya da take kallonki tana kaɗa kai sai kin tatse ta. Na ce da Ummi wannan ai rainin hankali ne, masara ba damina ba taki. Na karɓa ne don in nuna mata rashin amfaninsa. Ranar miyar kuka ta kama a tukunya ina can ina kwashe ƙwai. Maigidana ya ci tuwo da miya mai ƙauri, ya tambaye ni ko lafiya, na ce takardun yara nake dubawa. Allah Ya yafe min wannan ƙaryar.

Kin san abin da ya kama ni? Abin ba ya gajiya da yabon mutum. Ki ciro karas ɗaya, sai a watso miki taurari da kiɗa kamar kin sauke Alƙur'ani. Shekara ashirin ina koyarwa, ba wanda ya taɓa watso min ko tauraro ɗaya.

Na talabijin ɗin kuwa wata duniya ce daban. Ana riƙe wani abu da hannu biyu, Ummi tana ce masa fad. Madannansa sun fi goma, ga wasu 'yan sanduna biyu da ake juyawa da babban yatsa. Tseren mota ta sa min. Na yi bisimilla na danna, motar ta zabura, ni ma na zabura. In za a sha kwana sai in karkata da jikina gaba ɗaya har kafaɗata ta taɓa tabarma, ƙafata kuwa tana ta neman birki a ƙasa. Da na daki wani shinge sai abin ya yi rawa a hannuna. Na yi wurgi da shi na saki salati, na ɗauka wuta ce ta ja ni. Ummi ta yi dariya har da kwanciya. A zagaye na biyu na tuƙa a hankali yadda ake bin lungunan unguwarmu, duk wanda ya matso in ba shi hanya. Ni na zo ta ƙarshe, amma motata kaɗai ce ta isa ba lotsawa.

Ashe Baba yana jin mu daga soro. Washegari da na durƙusa gaishe shi sai ya ce, "Ihun me kuke yi jiya?" Inna, wannan ce tambaya ta farko da ya yi min tun rasuwarki. Kafin in haɗa amsa Ummi ta riga ni. Kin san wasan jika da kaka da ke tsakaninsu. Ta ce, "Abin masu jini a jika ne, tsoho, ba za ka iya ba." Ya harare ta ya ce, "Kawo in gani." Kafin ya sake shawara mun kinkimo talabijin da akwatin mun dire a soro.

Tseren mota bai burge shi ba, ya ce gaggawa ce marar dalili. Sai Ummi ta sa masa wani na matafiyi, mutum da jaka a baya yana yawo ƙauye zuwa ƙauye ana aiken sa. Baba ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Mun ɗauka hanya yake nema, ashe jakar yake dubawa. Ya ce, "Fatar akuya ce, amma jimar ba ta yi ba. Wanda ya ɗinka maɗaurin nan kuwa bai shekara a bakin aiki ba." Baduku dai baduku ne ko a ina.

Da farko ya sha wahala. Mutumin nasa ya yi ta karo da bango, ya yi ta juyi a wuri ɗaya yana kallon sama. Amma yatsun da suka shekara hamsin da allura ba su daɗe ba suka gane. Matsalar ba a yatsun take ba, a tarbiyya take. Aka zo gindin wata bishiya 'ya'yanta sun zubo, Ummi ta ce ya tsince, guzuri ne. Ya ce, "Na waye?" Ta ce, "Na wanda ya tsinta." Ya ce, "A garin su wa?" Ya wuce abinsa. Duk mutumin da ya ci karo da shi a hanya kuwa sai ya tsaya ya ce masa sannu.

Daga nan aka aike shi gidan wata tsohuwa ya karɓo saƙo. Ya kai mutuminsa bakin ƙofa ya tsayar da shi. Ya gyara murya ya ce, "Salamu alaikum." Muka fashe da dariya, mun ɗauka tsokanar mu yake. Ya sake yi. Ya yi ta uku. Sai ya juya mutumin ya koma da shi bakin hanya. Ummi ta ce, "Tsoho, ƙofar a buɗe take, danna kawai ka shiga." Ya ce, "Gidan mutane ne, kuma mace ce a ciki. Ba a amsa ba."

Kwana biyu ana haka. Kullum bayan la'asar sai ya ce a kunna, ya taka har ƙofar, ya yi sallama uku, ya koma gindin bishiya ya zaunar da bawan Allah. Gem ɗin kuma ba ya gaba sai an shiga gidan. Ummi ta yi bayani har ta gaji, ta ce ba sa ji, zane ne, Turawa ne suka haɗa shi. Ya ce ko Bature ai ya san ƙofa. Ni dai ina gefe ina dariya, ina kuma murna, don rabon da in ji jimla mai tsawo haka daga bakinsa har na manta.

A rana ta uku shaƙiyancin Ummi ya motsa. Ta ƙifta min ido, ta zame ta shige bayan ƙofar nan da take fita daga soro zuwa tsakar gida. Baba bai lura ba. Ya kai mutuminsa bakin ƙofar tsohuwa ya yi sallama. Sai aka amsa daga cikin gidanmu: "Amin, wa alaikumus salam, Malam. Sannu da zuwa."

Inna, da muryarki ta amsa. Yadda kike jan "Malam" ɗin nan, haka ta ja shi. Wasa ta yi niyya, kuma ni da na haife ta ban taɓa lura muryarku ɗaya ba sai ranar. Fad ɗin ya zame daga hannun Baba ya faɗa cinyarsa. Na ce a raina shi ke nan mun ɓata abin da muka fara gyarawa. Ummi ta leƙo tana dariya, da ta ga fuskarsa dariyar ta tsaya.

Can ya nuna ƙofar da hannu ya ce, "Ranar da aka watse daga sadakar uku, na dawo daga masallaci na tsaya a nan na yi sallama. Sau uku. Ba a amsa ba." Sannan ya ce, "Shekara arba'in da takwas ban taɓa wuce ƙofar nan ba a amsa min ba."

Na tuna ranar sarai. Muna can bayan gida muna wanke tukwanen aro, ga ƙarar famfo ga surutun mata, ba wadda ta ji shi. Shi kuma bai sake gwadawa ba, bai kuma faɗa wa kowa ba. Wata bakwai muna wuce shi da kwanon abinci, muna kawo likita, muna shawarar ko a kai shi Kaduna ya canza iska.

Ya ɗauki fad ɗin ya danna. Mutumin ya shiga. Tsohuwar cikin gem ta tashi daga kujera ta miƙo masa kwano yana tururi. Baba ya daɗe yana kallo. Sai ya juyo ya ce min, "Ku me kuka dafa?" Na ce tuwon shinkafa da miyar taushe. Ya dafa bango ya miƙe, ya gyara hularsa, ya nufi ƙofar cikin gida ya tsaya.

Na gane abin da yake jira. Inna, da girmana da komai na raɓa ta gefensa a guje, takalmi ɗaya a ƙafa, na faɗa tsakar gida na ja Ummi muka tsaya. Ya yi sallama. Muka amsa tare, da ƙarfin da na tabbata maƙwabta sun ji. Ya shigo. Ya zauna a ƙarƙashin rumfa, ya wanke hannu, ya tashi da malmala biyu. Da ya gama ya ce daddawa ta yi kaɗan. Ban taɓa jin daɗin a kushe girkina irin na ranar ba. Na shiga kicin na yi kukana na more, na wanke fuska na fito da ruwan sha.

Yau kwana biyar ke nan a ciki yake cin abinci, safe da rana da yamma. Har yanzu a soro yake kwana, kuma bai shiga ɗakinki ba tukuna. Ba mu matsa masa ba. Jiya ya ce a goge masa keken ɗinkin fata, wai zai leƙa Kurmi ranar Asabar. Mun kafa doka a gidan: duk abin da ake yi, dole a bar mutum ɗaya inda zai ji ƙofa. In hutun Ummi ya ƙare ni zan dawo da kwana, na riga na yi magana da maigidana.

Ki yafe mana, Inna. Da kika tafi mun raba ayyukanki a tsakaninmu, wannan ta ɗauki girki, wannan wanki, wannan zumuncin dangi, muka ɗauka mun ƙirga duka. Ba wanda ya san amsa sallamar Baba ma aiki ne da kike yi, sau biyar a rana, ba fashi.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya yalwata miki shi. Yadda ba ki taɓa barin Baba a tsaye a bakin ƙofa ba, Allah kada Ya bar ki a tsaye a ƙofar Aljanna, Ya sa mala'iku su tarbe ki da sallama. Ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana, Ya haɗa mu da ke a inda ba a rabuwa. Amin.

Wassalam.

Taki har kullum,
'Yarki ta fari, wadda kunya ba ta taɓa barin ki kin kira sunanta ba.