Kada Ka Aiko Hoton Makullin

Yaya Sabitu,

Assalamu alaikum. Ya jikin Inna? Ya su Fati da makaranta? Ni lafiya lau, sanyin ƙasar nan ne kawai, shi ma na fara sabawa.

Makullin nan da ka ƙera wa shagon Ɗanlarai tela a Wunti, wanda ake buɗewa da kiran waya, hotonsa da na ce ka turo, don Allah ka bari.

Kamfaninmu yana shari'a da wani kamfani da ya yi rajistar irin makullin da sunansa. In muka nuna cewa dabarar a fili take, kowa zai iya tunaninta, rajistarsu ta rushe. Ni da bakina na ba mutanen kamfaninmu labarinka, wai ina alfahari. Jiya lauyanmu ya karanta min abin da zan faɗa a kotu: "Har wani mai gyaran rediyo a Afirka, wanda bai gama sakandare ba, ya yi irinsa."

Na ce, "Shekara uku ya yi a kai. Kuma yana da suna."

Ya yi murmushi. "Sauda, sunan ba zai ƙare mu da komai ba. Shekara ukun ma kada ki ambata, sai alƙali ya zaci abin da wuya. Af, takardar zamanki da muke sabuntawa, wata nawa ya rage?"

Huɗu ne. Kada Inna ta ji, addu'arta kawai nake so.

Na ajiye masa katina na shiga ofis a kan tebur, na fito, na bar musu aikinsu. Ƙofar ta kulle kanta a bayana. Wallahi makullinka ya fi nasu sauri.

Ƙanwarka,
Sauda