Na Ga Abin da Ya Kashe Ki, Inna

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fata makwancinki da haske. Ni ce autarki Balkisu, daga nan Garwa.

Inna, na ga abin da ya kashe ki. Ba iska ba ce, ba sammu ba ne, duk da Kawu Bello yana ta faɗin haka har yau. Ƙwayar cutar haukan kare ce. A labo, ɗakin gwaje-gwaje inda nake aiki, na ga hotonta: siffar harsashi gare ta sak, jikinta duk ƙayoyi. A cikinta zare ɗaya ne tal a nannaɗe, ARN ake ce masa, da umarni biyar a jere. Na farko ya lulluɓe zaren, na biyu ya taya na biyar kwafe shi, na uku ya ɗaure jikin, na huɗu ya fito da ƙayoyin da take kama jijiya da su. Shi ke nan fa! Wannan 'yar abar ce ta raba ni da ke.

Ina tuna ranar da kwikwiyo ya cije ki a dunduniya, kina dawowa daga wanki a bakin Binuwai. Kawu ya sa aka ciro gashin karen, aka ƙona, aka shafa a ciwon. Kika yi dariya kika ce, "Abu kaɗan ne."

Ciwon ya warke, kowa ya manta. Ashe tana bin jijiya a hankali, tana hawa ƙwaƙwalwa. Daga baya na miƙa miki ruwa, kika ture hannuna alhali ƙishirwa na cin ki, don cutar ta hana maƙogwaronki haɗiyar ruwa. Wallahi har gobe abin yana ƙona min rai.

Jiya kare ya ciji takwararki Ummi, 'yar Yaya Sani. Na tarar da Kawu da gashi a hannu, yana neman ashana. Na fizge yarinyar daga gabansa, na wanke ciwon da sabulu a bakin famfo har hannuna ya gaji, muka hau babur sai asibiti, aka fara mata allura. Kawu ya ce wai na yi masa rashin kunya, kada in ƙara taka gidansa. To, kada in taka mana! Sauran alluran ma ni zan kai ta, ko da dangi duka za su daina gaishe ni.

Yau da safe ta nemi ruwa. Na san kwana ɗaya ba ya nuna komai, Innata, amma na tsaya ina kallon maƙogwaronta har ta ajiye kofin.

Allah ya jiƙan ki, ya shayar da ke ruwan Alkausara, ya raya mana Ummi.

'Yarki mai taurin kai,
Balkisu