Katunan Ɗan Gumsu

Asabar, 2 ga Oktoba 1976

Yau ma. Mutum goma sha ɗaya suka zo teburina a ƙofar gidan waya, biyu ne kawai masu wasiƙar kirki. Sauran tara duk kati ne zuwa gidan rediyo a Yamai, a sa musu waƙa, a gaida wane da wance. Shekara ashirin da biyu ina rubuta wa mutanen Magarya wasiƙa, yau na koma marubucin gaishe-gaishe.

Kuma waƙa ɗaya suke nema. Ta yaron nan. Ɗan farina ne, ban taɓa kiran sunansa ba, ba kuma a littafin nan zan fara ba. Yayata Gumsu ce ta ɗauke shi tun yaye ta raine shi, shi ya sa in an zo gabana sai a yi mini kara a ce, "Malam Ɗantsoho, rubuta a sa mana ta ɗan Gumsu." Haka nake rubutawa. Abin da bakin mutum ya faɗa shi alƙalamina ke ɗauka.

Asabar, 9 ga Oktoba

Kowace Asabar bayan la'asar suna ƙidaya katunan, su karanto waƙa goma da aka fi nema a ƙasa duka. Wai ya hau na bakwai. Ni ban saurara ba. Rediyon maƙwabcina Maikano direba ne ba ya jin magana, sai an ji shi a tasha.

Mushe guda, malamin makarantar boko, mai aji a lakwal ɗin Dogo-Dogo, ya ajiye alli ya ɗauki gita! Da zai tafi na aika masa ta bakin Yaya, shekara ɗaya na ba shi. Watan Janairu in babu abin nunawa, ya koma ajinsa. Na bakwai ba abin nunawa ba ne.

Laraba, 13 ga Oktoba

Na kama Barira tana rera ta a bakin turmi. Uwarsa fa! Da ta gan ni sai ta koma tari.

Asabar, 23 ga Oktoba

Na huɗu.

Maikano ya dawo daga Yamai da hoto, ya ajiye mini a tebur da gangan. Gashi tuli guda kamar an kifa masa ƙwarya, wando ƙafarsa ta isa ta share tsakar gida. Bayansa mutum shida da ganguna da ƙahonin Turawa. Kiɗan wai sunansa sol, na baƙaƙen Amurka, shi kuma ya zuba masa Hausa. Na ce ya ɗauke mini. Ya manta shi, yana cikin aljihun tebur.

Muryar dai, ba don a gaya wa kowa ba, ta mahaifina ce in yana kiran salla. Inda yake jan ta a ƙarshen baiti, sak.

An yi sanarwa, wanda katunansa suka fi yawa ranar 18 ga Disamba za a kai shi Ikko da makaɗansa a buga masa babban faifai. To, wannan kam abin nunawa ne, ba zan yi ƙarya ba. In bai samu ba, alli.

Litinin, 1 ga Nuwamba

An sayar da gyaɗa, kowa ya zama mai son waƙa. Yau kati talatin da ɗaya. Wasu Fulani daga Sassumbrum sun ɗaure jakunansu a jikin dalbejiyata, a gaida musu kowa har da bijimi. Ɗalibansa na da daga Dogo-Dogo sun aiko iyayensu.

Sai dai ana ta mita, wai ba a taɓa karanto gaisuwar Magarya ba. Na ce ƙasar da faɗi, ku yi haƙuri, layi ne.

Asabar, 13 ga Nuwamba

Na biyu! Wani mai goge daga yamma ne kawai a gabansa. Da aka faɗa sai da mata suka yi guɗa a unguwa uku, na ji da kunnena.

Daga nan aka yi hira da shi. Na zo wucewa ta ƙofar Maikano, takalmina ya tsinke, dole na tsaya gyara. Mai shirin ya ce katuna na zuwa daga Agadas, Tawa, Maraɗi, har Daura da Kano, to na gida fa? Yaron ya ce, "Daga Magarya ko ɗaya ban samu ba. Wataƙila akwai wanda bai yafe mini ba tukuna." Ya yi ƴar dariya wadda ba dariya ba.

Duk wanda ke zaune a wurin ya juyo ya kalle ni.

Wallahi ko ɗaya ban riƙe ba. Da hannuna nake manna tambur, wato kan sarki, da hannuna nake jefawa a akwati. Ban ci tuwo ba.

Litinin, 15 ga Nuwamba

Ranar da ban taɓa gani ba. Kafin in shimfiɗa takardu an kewaye ni. Wata tsohuwa ta ce ashe a masai nake zubawa. Ni! Na ce wanda ya sake faɗin haka ya nemi mai rubuta masa wasiƙa har ya mutu.

Ana cikin haka Yaya Gumsu ta keto taron da sandarta. Ba ta yi faɗa ba, wannan ya fi ba ni tsoro. Ta ce, "Ɗantsoho, rubuta mini kati." Na rubuta. Ta ce karanta. Na karanta: a sa mana waƙar ɗan Gumsu.

Ta ce, "Sake."

Na sake.

Ta riƙe haɓa. "Duk haka ka rubuta su?"

Na ce haka ake faɗa mini.

"Kai, amma an yi tsohon banza! Wa ya san Gumsu a Yamai? Matar gwamna ce ni? Ko ni ce a jikin tambur ɗin?"

Wurin ya fashe da dariya. Har mai shayi sai da ya zauna a ƙasa. Na ce ai su ma ba su faɗi sunan ba. Ta ce su kara suka yi maka, kai kuma ka kwashi karar ka aika wa Zabarmawa.

Gaskiyarta. Kuma in na faɗa wa kaina gaskiya, tun farko abin ya yi mini daɗi da ba sai na rubuta ba. Ban taɓa tsayawa na yi tunani ba don ba na so in yi.

Talata, 23 ga Nuwamba

Maikano ya je gidan rediyon da kansa. Sun nuna masa kwali cike, an rubuta a jiki da Faransanci, mawaƙin da ba a sani ba. Ɗari huɗu da sittin da biyu. Wai har sun yi ta tambaya ko wani sabon mai kalangu ne.

Ya roƙe su su zuba a nasa, suka ce doka ce, katin da babu sunan mawaƙi ba ya shiga ƙidaya, in sun yi wa ɗaya sai sun yi wa kowa. Sai dai a sake aikowa kafin 15 ga Disamba. Mai gogen ya ba yaron ratar ɗari uku da wani abu.

Ashe ni ne na tsare shi a na biyu. Ni kaɗai.

Na tambayi Maikano ko ya ga yaron ya yi masa bayani. Ya ce suna Agadas wasa, bai same shi ba.

Alhamis, 25 ga Nuwamba

Sarkin samari ya sa an yi shela, duk wanda ya taɓa aika kati ya dawo. Layi har bakin kasuwa. Na ce wannan karon aikina kyauta ne, kowa ya zo da tamburinsa kawai.

Na samo dabara. Ni in rubuta gaisuwa in bar fili, Mushe Lado na lakwal ɗin gari ya zo bayan an tashi ya cike sunan. Kowa ya tsira da mutuncinsa. Yaya ta ce dabarar ragwaye. Oho.

Yatsuna sun kumbura. Tamanin da huɗu yau.

Talata, 30 ga Nuwamba

Mushe Lado ya tafi Dungas yin layya, sai Litinin. Jakar da za ta isa Yamai a kan lokaci Asabar take tashi. Ga ɗari da sittin da uku a gabana, kowanne da filinsa a buɗe.

Zan iya kai wa ma'aikacin gidan waya. In tsaya gabansa in ce cike mini abin da na kasa? Ni mai teburi?

Barira ta kawo mini fura ta tsaya, abin da ba ta saba ba. Ta ce, "Malam, ni da na iya rubutu..." Ba ta ƙarasa ba, ta ɗauki ƙwaryarta.

Juma'a, 3 ga Disamba

Jiya aka yi salla. Yau da hantsi, ana can ana suyar nama, na rufe zaure na ce kada wanda ya shigo.

Katin farko sai da na yi kusan rabin awa alƙalami na sama. Na duba ƙofa sau biyu kamar ɓarawo. Harafi biyar ne kawai ashe. Na biyu ya karkace. Wajen na ashirin hannu ya saba.

Na gama kafin a tafi masallaci. Saura kati ɗaya fari ya rage a fakiti, ba kyau a bar shi ya lalace.

Asabar, 11 ga Disamba

Har yanzu na biyu. Amma an karanto gaisuwar Magarya guda bakwai a jere, har da ta bijimin Sassumbrum. Jakar ƙarshe ba mu san ko ta isa ba.

Asabar, 18 ga Disamba

Allahu Akbar. Bari in rubuta shi a tsanake.

Bayan an gama faretin ranar jamhuriya, ƴan ƙungiyar samariya suka ɗaura lasifika a jikin dalbejiyata, suka jona da rediyon Maikano. Ban taɓa ganin mutane haka a ƙofar gidan waya ba. Daga Dogo-Dogo kamyo guda suka cika, babbar motar kaya. Yaya Gumsu ta sa aka kawo mata kujera gaba, ta ci ado kamar za ta kai amarya. Ni ina teburina, ina da aiki.

Aka faro daga na goma. Kowane suna aka kira sai a ce "wuce!" Da aka zo na biyu mai shirin ya ja rai, ya ja rai, har wani ya zage shi. Sai ya kira mai goge.

Ban ji sauran ba. Wurin ya tashi. Guɗa, ganga, hula a sama, Maikano ya haye kamyonsa yana danna oda ba ƙaƙƙautawa. Tsohuwar nan da ta ce a masai nake zubawa ita ta fara kama hannuna tana rawa da shi. Da ratar kati tamanin da takwas ya ci. Tamanin da takwas! Da na bar filayen nan a buɗe da yanzu wani zancen ake.

Mai shirin ya ce bai taɓa ganin gari ya taso wa ɗansa haka ba, jaka uku cikin mako biyu. Sannan aka saki waƙar, gari duka ya ɗauka, ƙahonin nan suna tashi har cikin ƙirji. Na ga Barira a bayan mata ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na motsi.

Aka ɗaga teburina sama da ni da kujerata aka zaga da mu. Na ce ku sauke ni, ba ni na yi waƙar ba! Yaya ta ce a bar shi a sama, yau dai ya yi abin kai.

Na ji daɗi. Na faɗa. Na ji daɗin da ban ji ba tun ranar da aka haife shi, ranar ma fita na yi daga gidan don kada a gani.

Laraba, 29 ga Disamba

Sufetan makarantu ya aiko a tambaye ni ko mushen Dogo-Dogo zai dawo Janairu. Na ce a ba wani ajin, mai shi yana da tafiya Ikko.

Wasiƙa ta zo daga yaron, ba ta hannun Yaya ba, da sunana a bayanta. Gajera ce. Ya ce an ba shi katunan Magarya ya ajiye, ya zauna ya duba su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Baba, na san rubutun Mushe Lado, na kuma san naka. Na ƙirga ɗari da sittin da huɗu. Na ƙarshen babu gaisuwa, babu mai aikowa, sunana ne kawai. Shi na sa a aljihu."

Yaron bai da kunya. Wa ya ce ya ƙirga?

Zan ba shi amsa gobe in na samu sarari. Ya rage gashin nan kafin a ɗauki hoton faifai, ya kuma riƙe salla a garin mutane.

Labbo.

Ba komai, alƙalamin nake gwadawa. Hannu ne ya saba.