Jan Ƙyalle a Kan Allo

Zuwa ga Innata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kin tashi cikin ƙoshin lafiya. Ya gida, ya ƙafar taki? Yaya, in kana karanta mata ka bi a hankali, ka san rubutuna. Ni ina nan lafiya lau.

Inna, na fara sabawa da shagon ɗinkin. Ɗaki ne dogo, kekuna a jere jikin bango, teburin yanka a tsakiya, wurin guga can kusa da taga. Uwar ɗakina ba ta da yawan fara'a, amma ba ta da mugunta. Ta ce gwaji take yi mini. Wata makaranta ta ba mu ɗinkin kayan ɗalibanta, kuma dole mu kai kafin a dawo hutu. In na yi abin kirki, zan zauna har ta ɗora ni kan keke. In ban yi ba, ta ce motar da ta kawo ni ba ta manta hanya ba.

Ƙanwarta ce ke tafiyar da aikin, Anti Tabarau ake ce mata. Har karatu ta je ta yi na yadda ake gudanar da babban aiki. Ta kafa allo a bango ta raba shi gida uku: ba a fara ba, ana yi, an gama. Ta yayyanka aikin gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da katinta da mai ita, don ta ce abin da aka ce na kowa ne ba wanda zai taɓa shi. Ta nuna mana yadda wani aikin ke jiran wani: sai an yanka a haɗa, sai an haɗa a yi maɓalli, sai an yi maɓalli a goge a ɗaure. Inna, maɓallin ni aka ba! Da ramin da maɓallin duka, har da ƙaramin injin da ke huda ramin.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne safiya. Kullum muna tsayawa gaban allon, ba a zama, wai don kada zance ya yi tsawo. Kowa ya faɗi abin da ya yi jiya, da wanda zai yi yau, da abin da ya tare shi. Baba Almakashi, tsohon da ke mana yanka, ya ce shi ba abin da ya tare shi sai wannan tsayuwar, gwiwoyinsa shaida ne. Da aka zo kaina na sunkuyar da kai na ce lafiya lau. Ɗakin ya ɗauki dariya. Wata mai ɗinki da ake kira Rediyo, don ba ta rufe baki, ta ce: "To Gimbiyar Shiru, mun gode, ya mutanen gida?"

Ban ji haushi ba. Ina riƙe da maganarki ta bakin mota, cewa a gidan mutane kada in kai kuka, ko me aka tambaye ni in ce lafiya lau.

A gai da kowa.
’Yarki,
Auta

Zuwa ga Innata,

Ina gaishe ki gaisuwa ta ɗa da mahaifi. Saƙon Yaya ya iso, ya ce kin ce ƙafa lafiya lau. Na ji daɗi. Ni ma ina lafiya, sai dai gabana ne ke ta faɗuwa.

Inna, injin ramin maɓalli ya fara cin yadi. In na sa riga sai ya tattare bakin ya yaga. Ya ɓata mini riguna kaɗan, na naɗe su na tura ƙarƙashin teburina. Ni kaɗai ke taɓa injin, wa zai yarda ba ni na lalata shi ba? Sai na koma yi da allura da zare, in kunna shi yana ƙara a banza in wani ya gifta. Amma hannu ba inji ba ne. Kafin in gama riga ɗaya, masu haɗawa sun jibge mini wasu. Yatsana duk ya huje.

Anti ta hana a ce saura kaɗan. Ta ce ita ba ta san girman kaɗan ba, kowa ya faɗi abin da ya rage masa a fili. Rediyo ta ce to an kashe wa teloli sana'a. Sannan Anti ta ajiye kwano cike da jajayen ƙyallaye a gindin allon. Duk wanda wani abu ya tare shi, ya ɗauki ɗaya ya maƙala a katinsa da fil. Ta ce ja ba laifi ba ne, kiran taimako ne, kuma matsalar da aka faɗa da wuri ita ce mai sauƙi. Har yau ba wanda ya taɓa kwanon.

Shekaranjiya ta zo har teburina ta rage murya. Ta ce aikina a maƙogwaron aikin yake, in na tsaya, guga da ɗauri duk sun tsaya. Ta tambaya ko ta turo mini Rediyo ta kama mini. Ƙafarta na dab da rigunan da na ɓoye. Maganarki ce kawai ta fito, na ce lafiya lau. Ta yi murmushi ta dafa kaina.

Inna, ashe a nan magana ba ta tsayawa inda aka faɗe ta. A kan lafiya lau ɗina Anti ta mayar da Rediyo kan wani aikin. A kansa kuma ta buga wa shugaban makarantar waya, a gabana, ta ce ya turo mota tun kafin ranar da aka yi alkawari, komai na tafiya daidai.

Ki yi mini addu'a. Yaya, don Allah kada ka gaya wa kowa.

’Yarki,
Auta

Zuwa ga Innata,

Bayan gaisuwa da tambayar jikinki, Inna ki yafe mini, na karya maganarki.

Jiya da safe na riga kowa shiga shagon. Na tsaya gaban kwanon nan kamar wuta ce a ciki. Na ɗauki ƙyalle na mayar, na sake ɗauka. Da na ji tarin Baba Almakashi a bakin ƙofa, sai na soka fil ɗin da sauri, har na soki yatsana. Na koma wurina.

Da aka tsaya, ba wanda ya kalli kowa, duk allon ake kallo. Har da Rediyo. Anti ta ce in fara. Sai na je na jawo rigunan daga ƙarƙashin tebur na zube su a gaban kowa. Sannan na faɗi komai, da injin, da allurar, da tulin da ya rage.

Uwar ɗakina ta ɗaga rigunan ɗaya bayan ɗaya tana duban yagar. Ta tambaye ni tun yaushe. Na faɗa. Ta ce in je in haɗa kayana.

Anti ta cire tabaranta ta goge. Ta ce wa yayarta a bar maganar kayana sai an fita daga wannan, yanzu ana buƙatar kowane hannu. Ba ta rarrashe ni ba. Ta ce da na maƙala jan nan ranar farko, da ba a yi asarar ko riga ɗaya ba. Sai ta juya ga allon ta sake lissafi a gabanmu. Ta aika a kira mai gyara, ta turo Rediyo da wata mai ɗinki kan maɓalli, ta ce a fara da na ƙananan yara. Ta sake kiran shugaban makarantar ta janye maganarta da bakinta. Muna jin muryarsa daga wayar yana faɗa, ita kuma tana ta ba shi haƙuri a kan abin da ni na jawo.

Mai gyara ya zo. Ashe ’yar wuƙar injin ce ta dakushe, ya ce haka take yi wa kowa. Kafin shayin da aka kawo masa ya huce ya gama.

Rediyo ta zauna kusa da ni tana zura zare. Ta ce: "Ke kam da kin buɗe baki sai ki girgiza shago." Jim kaɗan na ga ta sulale ta maƙala ja a nata katin, wai farin zarenta ya kusa ƙarewa.

Jakata na ɗaure a bayan ƙofa. Ban san ko wasiƙar nan za ta riga ni isowa ba.

’Yarki,
Auta

Zuwa ga Innata,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da Yaya. Ya ƙafa?

Mun kai kayan. Na ƙanana sun tafi kan lokaci, na manya sun makara, shugaban ya karɓa yana ɓata rai. Bayan nan Anti ta zaunar da mu, wannan karon a zaune, Baba Almakashi har da hamdala. Aka duba abin da ya yi kyau da abin da za a gyara. Anti ma ta faɗi nata, cewa ta tambayi mai kunya da baki maimakon ta duba da ido.

Uwar ɗakina ta bari sai da kowa ya tashi. Ta ce keke ba yanzu ba, zan sake zagaye ɗaya a kan maɓalli. Sannan ta ce in kwance jakar nan, tana tare mata ƙofa. Inna, na zauna!

Yau da safe da aka zo kaina, na ce allurata ta fara lanƙwasa, ina son wata kafin gobe. Ba wanda ya yi dariya. An ba ni.

Maganarki tana nan a raina, in an gaishe ni har gobe lafiya lau zan ce. Amma direban da ya kawo saƙon Yaya ya ce ya gan ki kina dafa bango kafin ki kai ƙofa, alhali saƙon ya ce lafiya lau. Za ki ga jan ƙyalle a cikin ambulan ɗin nan, na roƙa a wurin Anti. Ba sai kin ce komai ba. In ƙafar ta tsananta, ki ba Yaya ya mayar mini da shi, zan nemi izini in zo mu je asibiti.

’Yarki mai kewarki,
Auta