Ƙafafun Baba

Daga gida, watan Oktoba

Zuwa ga Yaya Luben,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka Desi da yara. Ya aikin tuƙi a can Sifen? Mu nan kalau, mun gama gasa tattasai, kabeji ma ya shiga ganga, mun jiƙa shi da gishiri don ajiyar lokacin sanyi.

Ban faɗa maka wannan a waya ba saboda Baba yana kasa kunne. Ranar Asabar ina taya shi canza riga sai na ga jini ya taru a kwankwasonsa, wurin ya yi baƙi, faɗinsa ya kai tafin hannuna. Ya ce akuya ce ta tunkuye shi. Na ce, "Baba, akuyar da muka sayar tun bara?" Ya ce, "To ta dawo ramuwa. Miƙo min rigata, sarkin bincike." Mun yi dariya, amma bai kalle ni ba.

Na kira Velika, nas ɗin da ke zagaya ƙauyuka. Ta ce maganin hawan jininsa yana iya sa jiri, za ta yi wa likita magana, shi kuma ya riƙa ɗan zama a bakin gado kafin ya miƙe. Ta sa ƙafa ta tura ɗaya daga dardumomin da marigayiya Mama ta saƙa, dardumar ta zame kamar a kan mai. Na naɗe su duka na kai ɗakin ajiya. Maƙwabcinmu Kolyo ya kafa ƙarfen dafawa daga ɗakin Baba har banɗaki, ya ƙara fitila a lungu. Baba bai yi min magana ba sai washegari. Ya ce, "Abin da ya rage na uwarki ke nan, shi ma kin naɗe."

Ka gaishe da yara. Kada ka nuna masa na faɗa maka.

Ƙanwarka,
Zlatka

Daga gida, watan Disamba

Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku. Na ji Desi ta yi mura, Allah ya ƙara sauƙi.

Baba ya faɗi. Na tafi kanti sayen burodi, shi kuma ya fita ɗauko itace sanye da silifas, alhali ƙanƙara ta daskare a bakin ƙofa. Matar Kolyo ce ta ji nishinsa ta bayan katanga. Da na dawo sun riga sun shigar da shi, leɓensa ya yi shuɗi don sanyi. An ɗauki hoto a asibiti, babu ƙashin da ya karye. Kowa na cewa mun yi sa'a.

Ni dai ban ga sa'ar ba. Tun ranar bai bar kujerar gefen murhu ba. Da ina roƙonsa ya zauna wuri ɗaya, yanzu ya zauna, kuma zaman ya fi ba ni tsoro. Ƙafafunsa sun koma kamar kara. Velika ta ce zaman nan shi ne zai cinye shi, dole ya riƙa takawa kullum, ko da daga murhu zuwa taga ne. In na ɗaga shi yakan damƙe hannuna har yatsunsa su bar shaida.

Ka tuna abokinsa Minko, wanda ya karya ƙugu bara, bai sake tashi ba? Takardar sanarwar rasuwarsa tana nan manne a ƙofar gidansu, daidai saitin tagarmu. Ita Baba yake wuni yana kallo. Ya daina faɗa da ni, ya daina kushe miyata. Jiya na zuba gishiri da gangan ya yi yawa, ya shanye tas.

Ka yi mana addu'a.

Zlatka

Daga gida, watan Fabrairu

Yayana Luben,

Ina gaishe ku duka, ina fata sanyin can bai kai namu ba.

Bayan sabuwar shekara Baba ya tashi da kansa. Ya dafa bango ya je taga ya dawo, washegari ya kai ƙofa. Ya nemi ƙarin abinci, ya sa takalminsa mai igiya. Har kyandir na kunna a coci don murna. Ban gane dalili ba sai da na ji shi yana wasa almakashin datse inabi. Bikin datse rassan inabi da muke yi duk Fabrairu ya matso, kuma ka sani bai taɓa barin wani ya taɓa rumfar inabinmu ba.

Na roƙi Kolyo ya ɓoye tsani a gidansa. Ranar bikin Baba ya aika masa cewa in bai dawo da shi ba, kada ya zo jana'izarsa. Kolyo ya dawo da shi.

Na fito daga kicin na tarar da tsanin jingine da rumfa. Baba na tsaye, ƙafa ɗaya a matakin farko, ɗaya a ƙasa. Ya kasa hawa, ya kasa sauke ƙafar. Ban yi ihu ba, na ji tsoron ya waiwayo. Na lallaɓa na tsaya a bayansa na riƙe shi.

Ya ce, "Zlatka, ƙafar ta ƙi."

Na ce, "Na gani, Baba."

Mun daɗe a haka. Can ya sauke ƙafar, ya miƙo min almakashin. Ni na hau, shi ya riƙe tsanin yana ba ni umarni. "Ba wannan ba, ke makauniya ce? Na hagu!" Rabon da ya zage ni tun kafin ya faɗi, har daɗi na ji. Amma da na leƙo shi daga sama, Yaya, sai na ga ya zama ɗan ƙarami cikin rigar sanyinsa, kuma ba shi ne yake riƙe da tsanin ba, tsanin ne yake riƙe da shi.

Da na sauko ya ce in rubuta maka, ga saƙon kamar yadda ya faɗa: "Ki ce wa direban nan ya zo kafin inabin ya nuna. Baɗi za ki buƙaci mai riƙe miki tsani."

Kada ka ce sai hutun bazara. Ka zo.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Zlatka